Rasidin Baba a Aljihun Jaka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya tsare ku a ƙasar da kuke. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kaji faɗa. Baba kuwa idonsa na hagu ya ƙara dushewa, amma kullum shi ke riga ni isa shago, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga yana duba ɗinkina kamar yau na fara riƙe basilla. Na zaɓi takarda ne domin a waya kai kana katse ni, ni ina ɗaga murya, mu rabu ba wanda ya ji wani. Ba a banza ka sa mini Uwar Rigima ba.

Inna ta isar mini da saƙonka. Ta ce ka ce tunda an rufe mini shagona na intanet saboda maganar haraji, in daina wahalar da kaina, in bari ka buɗe wani da sunan kamfaninka a can. Ni in riƙa ɗinka jakunkuna ina tura maka a kwali, ba tare da tambarin Baba ba, kai ka manna naka, wai mutanen can sun fi yarda da sunan da suka sani. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Amsata dai ita ce a'a, kuma tunda labarin ya iso maka rabi-rabi, bari in ba ka shi daga tushe.

Za ka tuna shekara uku da suka wuce, da na fara sayar da jakunkunanmu na fata ga mutanen ƙasashen waje, na tambaye ka yadda ake cike fom ɗin kwastam da ake manna wa kaya a gidan waya. Ka ce in riƙa sa alama a gurbin kyauta, in rubuta kuɗi kaɗan, don kada a caji mai saye haraji a can, ka ce kowa haka yake yi. Ba tuna maka nake yi don in ɗora maka laifi ba, hannuna ne ya rubuta, kuma na ji daɗin abin har shekara biyu da rabi. Abin da ban sani ba shi ne, duk jakar da na gama, idan na miƙa wa Baba ya buga mata tambari da guduma, sai ya yago takarda daga littafin rasidinsa, ya rubuta ainihin kuɗin jakar da kwanan wata, ya sa hannu, ya ninke ya tura can cikin aljihun ciki. Shekara arba'in yana dukanci bai taɓa sayar da ko ɗamarar agogo ba rasidi ba, don haka bai ga dalilin faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa leƙa aljihun ba.

Rannan sai ma'aikatan kwastam na wata ƙasa suka buɗe jaka ɗaya. A bayan kwali an rubuta kyauta ce mai ɗan kuɗi, a cikin aljihu kuma ga rubutun Baba, manyan baƙaƙe, da kuɗin da ya ninka wancan sau takwas. Daga nan suka bi sunana suka tsare kwali goma sha ɗaya, har da na farkon. Mai jakar farko wata malamar asibiti ce da ta saya wa 'yarta don ranar gama makaranta. Aka tura mata takarda ta biya haraji da tara kafin a ba ta, ranar kuma ta wuce jaka na tsare. Ta rubuto mini, ba zagi ko ɗaya, ta ce abin da ya fi mata ciwo shi ne an tambaye ta ko da saninta aka yi ƙaryar. Bayan kwana huɗu masu shafin kasuwar suka rufe shagona, suka ba ni kwana talatin in kawo lambar rajistar haraji da shaidar na gyara, in ba haka ba su goge shi gaba ɗaya, da duk yabon da masu saye suka rubuta mana.

Na je wurin Baba raina a ɓace, da niyyar in ce rasidinsa ya ja mana. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ajiye guduma ya tambaye ni, tsakanin takardar ciki da ta waje wacce ce ta faɗi gaskiya. Ya ƙara da cewa shi dai bai ga abin da zai gyara a tasa ba. Yaya, kunya ta kama ni kamar in nutse. Ina da 'ya'ya biyu amma na tsaya gabansa ina wasa da zare kamar 'yar firamare.

Washegari na nemi wata akanta da ke saman kantin magani a layinmu. Ofishinta ɗan ɗaki ne, fanka na kaɗa takardu, ta danne su da kofin shayi. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce harajin nan ba daga aljihuna zai fita ba, na ƙasar mai saye ne, aikina in ɗora shi a kan farashi tun a shafi, mai saye ya gani da idonsa kafin ya biya, ni kuma in miƙa shi inda ya dace. Ta ce kowace ƙasa da nata kason, wasu shafin ne ke karɓar musu, wasu sai na yi rajista da kaina. Na tambaye ta ko mace mai keken ɗinki biyu za ta iya wannan. Ta cire tabarau ta ce wadda ta iya lissafin fatar da za ta fitar da jaka shida ba asarar ko tafin hannu, ba kashi ashirin cikin ɗari ne zai gagare ta ba. Muka zauna muka ware ƙasashe tara da nake tura kaya. Na riƙe biyar da zan iya bin ƙa'idarsu, huɗu na rufe su tukuna, sannan muka nemi lambar rajistar.

Mutum goma sha ɗayan nan kuwa, kowa na mayar masa da tarar da aka ci shi, na haɗa da takardar ban haƙuri. Kuɗin ba su isa ba, sai na sayar da keken ɗinki na biyu, sabon nan mai lantarki. Ranar da aka zo ɗauka na shiga bayan shago na yi kukana, na wanke fuska na fito na taya su ɗorawa a mota. Wanda ka saya mini da albashinka na farko yana nan, shi nake takawa yanzu, kuma ko za a sayar da rufin shagon ba zan sayar da shi ba.

To a cikin wannan hali saƙonka ya zo, saura kwana tara wa'adi ya cika, lambar ba ta fito ba. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kwana biyu ina juya maganar, don tsoro ya kama ni. Amma ka duba abin da kyau. Ƙarya a bayan kwali ce ta kai ni nan, yanzu kuma in fita da wata ƙaryar a jikin jaka? Fatar ni na zaɓo ta, ni na yanka, yatsuna ne basilla ta huda, tambarin kuma ƙarfen da Baba ya sa aka ƙera masa ne tun ba a haife ka ba. Sai ya wayi gari in miƙo masa jaka in ce yau ba sai ya buga ba? Da wane bakin? Idan mutanen can ba su san sunanmu ba, su koya, mu ma da wahala muka koyi nasu. Na gwammace in sayar da jaka uku a wata da sunan gidanmu, haraji a biye, da in sayar da talatin ina ɓoye a bayan sunan wani, ko da kuwa wanin nan kai ne.

Lambar ta fito saura kwana biyu, aka buɗe shagon. Ba zan yi maka daɗin baki ba, farashi ya hau, ciniki ya ragu kusan rabi, wani ma ya rubuto ya ce ya samu mai araha, na ce Allah Ya ba da sa'a. Duk bayan wata uku zan zauna da akanta mu tura wa kowace ƙasa nata. Na sayi babban littafi na raba shi gida biyar, Baba na yi mini dariya wai sai yanzu na zama 'yarsa. Malamar asibitin nan kuma ta sake saye, wannan karon wa kanta.

Ka gaida mini Anti da kyau, da Mai Sunan Inna, da Sarkin Surutu, ka ce masa Gwaggo ta ji labarin haƙorin da ya fita. Inna na gaishe ku, maigidana da yara ma haka. Kada ka yi fushi da ni, ko ka yi ma na san ba ya kwana.

Jakar da Anti ta daɗe tana so na tura ta jiya, mai ruwan ƙasa, da tambari a inda aka saba. A fom ɗin na rubuta ainihin kuɗinta, na kuma sa alama a gurbin kyauta, karo na farko da na yi haka kuma gaskiya na faɗa. In sun caje ka wani abu ka biya, ba zai kashe ka ba. Baba bai fasa halinsa ba, na gan shi yana tura takarda a aljihun ciki, na zaro na karanta. A wurin sunan mai saye ya rubuta ɗana, wato kai, a wurin kuɗi ya rubuta an biya da keken ɗinki na farko. Na ninke na mayar yadda ya sa.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Uwar Rigima