Rasuwar Alhaji Sallau Ƙofa-Biyu, Mai Tayar da Tsofaffin Motocin Tsere

Cikin alhini, tare da miƙa al'amari ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda rai da mutuwa ke hannunsa, Ƙungiyar Makanikai da Masu Gyaran Mota ta Matameye, ƙarƙashin jagorancin shugabanta Alhaji Rabi'u Bashir, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ta, uba a wannan sana'a kuma malamin malamanmu, Alhaji Sallau Munkaila, wanda babba da yaro a garin nan suka fi sani da Sallau Ƙofa-Biyu. Allah Ya yi masa cikawa da hantsin ranar Talata a garajinsa da ke bakin hanyar Kance, yana da shekara saba'in da uku a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙungiya ba za ta ɓoye wa jama'a ba cewa wannan labari bai iso mata ba sai bayan la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta, alhali tsakanin biron ƙungiya, wato ofishinta, da ƙofar marigayin bai wuce tafiyar minti goma a ƙasa ba. Maƙwabciyarsa Malama Sa'a, wadda ta saba kai masa fura kowane hantsi, ita ta same shi zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ta ɗauka gyangyaɗi yake yi, har sai da ta ajiye ƙwaryar ta taɓa hannunsa. Maƙwabta da limamin unguwa su suka yi masa sutura. Sahu biyu suka sallace shi, kuma babu makaniki ko ɗaya a cikinsu.

An haifi marigayi Alhaji Sallau a Tsauni, gidan manoma. Tun yana ɗan shekara goma sha tara ya fara bin yayyensa ci-rani zuwa Kano, inda maimakon dako ko tallan ruwa da 'yan'uwansa ke yi, ya liƙe wa wani garaji da ake kai ƙananan motocin Turawa da na manyan ma'aikata, irin masu ƙofa biyu da kujera biyu, waɗanda ake ƙerawa don gudu ba don kaya ba. Rani goma sha ɗaya ya yi yana komawa wurin, damina ta faɗi ya dawo gona. A can ya koyi abin da ya zama aikin rayuwarsa, wato daidaita injin da ke da karbireta biyu, inda mai da iska ke haɗuwa, har su yi numfashi tare kamar abu guda. Ba da na'ura yake yi ba. Guntun tiyo yake ɗauka, ya kara baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin karbireta, ya saurari hucin ta dama, ya saurari na ta hagu, ya juya 'yar ƙusa da ƙyar kamar mai tsoron kada ya tashi jariri, har huci biyun su zama ɗaya. Waɗanda suka gan shi yana wannan aiki a shekarun ƙarfinsa suna ba da shaidar cewa mota kan shigo garajinsa tana tari kamar tsohuwar akuya, ta fita ko kofin shayi aka ɗora mata ba ya zubewa.

Da ya dawo gida gaba ɗaya ya buɗe garajinsa a Matameye, aikin yau da kullum shi ne ya ciyar da iyalinsa: motocin kasuwa, a-kori-kura, injin ban-ruwa na masu lambun rake. Amma zuciyarsa tana wani wuri. Duk inda ya ji an ce ga gawar wata ƙaramar mota da malaman makaranta ko 'yan kwangila na Turawa suka bari, a Damagaram ne ko a Magariya ko a hayin iyaka, sai ya je ya jawo ta, wani lokaci a kan amalanken shanu, kaji sun riga sun yi ƙwai a cikin kujerunta. Yakan kwance ta har ƙusa ta ƙarshe, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su a kan buhu bisa tsarin da ya ciro su. Abin da ya samu a kasuwar tsofaffin kaya ta Kano ya sayo, abin da babu shi a ko'ina ya zana a kwali ya kai wa maƙera da masu walda su ƙera masa. Wata motar takan ci shekara uku, wata biyar. A cikin shekara arba'in ya tayar da guda goma sha ɗaya. Goma sun tafi Yamai da Kano da wuraren da ba mu sani ba, a hannun mutanen da suka zo takanas suka neme shi. Ta goma sha ɗayan, wata koriyar mota ƙirar Emji mai buɗaɗɗen sama, ita ce ya ƙi rabuwa da ita ko nawa aka taya.

Gaskiya ita ce garin nan bai taɓa fahimtar wannan aiki ba, mu ma da muke abokan sana'arsa ba mu fahimce shi ba. Mota wadda ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar iyali zuwa biki, cikinta na jan ƙasa in ta sauka daga gudron, wato titin kwalta, a wurinmu abin dariya ce, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali, ba don girmamawa aka fara kiransa da shi ba. Shi kuwa bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Amsarsa ɗaya ce ga duk wanda ya tsokane shi: "Ai ba kowane doki ake ɗaura wa garma ba." Duk da haka, ƙungiya tana shaida cewa da yawa daga masu garaji a yau, daga Matameye har Yauri da Dungu, ko dai a hannunsa suka koyi sauraren inji, ko a hannun wanda ya koya a wurinsa. Shi ne ya ba da rumfar da aka yi zaman farko na kafa wannan ƙungiya, kuma shi ne ya riƙe kujerar mai sasanta rigima tsakanin mambobi har shekara goma sha huɗu ba a taɓa cewa ya karkata ba.

Wajen shekara goma da suka wuce Allah Ya jarrabe shi da abin da ya fi komai nauyi ga mai irin aikinsa: jinsa ya fara raguwa, kunnen hagu da farko, sannan na dama, har ya kai ba ya jin kiran salla sai ya ga mutane sun miƙe. Bai faɗa wa kowa ba. Mai ɗakinsa, marigayiya Hajiya Baiwa, ita ce ta zame masa kunne. Da safe bayan ta gama aikin gida sai ta zo garaji ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta riƙe tiyon a kunnenta, shi yana juya ƙusa yana kallon hannunta. In ta ɗaga na dama ya san ta dama ta fi huci, in ta haɗa tafukanta ya san sun daidaita. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutanen bakin hanya sun saba ganin su biyu a cikin koriyar motar, ta ɗaure mayafinta tam a haɓa don kada iska ta ƙwace, su nufi wajen Tsauni su juyo kafin la'asar.

A wannan tsakani ne abin da ƙungiya ke jin kunyar ambata ya faru, kuma shugabanni sun yanke shawarar a rubuta shi a nan yadda ya auku, domin ta'aziyyar da aka gina a kan yabo kaɗai ba ta cika ba. A wani babban zama shekara bakwai da suka wuce, marigayin ya miƙe ya yi doguwar magana a kan batun da aka riga aka rufe tun rabin awa baya, saboda bai ji an wuce shi ba. Zauren ya fashe da dariya. Babu wanda ya tsawatar, har da mai sa hannu a wannan takarda, wanda yake zaune a teburin gaba, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Alhaji Sallau ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya gane, ya ƙarasa maganarsa cikin natsuwa, ya ɗauki takalmansa ya fita. Bai sake halartar zama ba. Mun ce za mu je mu ba shi haƙuri bayan Salla, sai muka ce bayan girbi. Daga baya muka daina aika masa takardar gayyata, muna gaya wa kanmu cewa hutar da shi muke yi. Wanda ya ratsa ta ƙofarsa sai ya ɗaga hannu daga kan babur ya wuce, don hira da shi tana bukatar a zauna, a fuskance shi, a maimaita, mu kuwa kullum muna sauri.

Shekara uku da suka wuce Hajiya Baiwa ta riga shi gidan gaskiya. 'Yarsu ɗaya tilo da ta rayu, Malama Najaha, ungozoma ce a Damagaram, kuma ta roƙe shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya koma wurinta, ya ce mata gidan haya ba shi da inda za a ajiye mota, kuma ba zai yi nisa da kabarin mahaifiyarta ba. Daga lokacin ya daina karɓar aikin kowa. Maƙwabta sun ce kullum da safe yakan buɗe ƙofar garaji, ya share, ya tayar da motar, ya ɗora ɗan kofin ruwa a kan inji ya zuba wa ruwan ido, tafinsa ɗaya a kan ƙarfen, yana neman da ido da hannu abin da kunne ya daina ba shi. Yakan kai azahar a haka, ba ya magana da kowa, ba wanda ke magana da shi. Fitar Juma'a bai bar ta ba sai a watan jiya, da ƙafafunsa suka kumbura. Shi kaɗai yake zuwa ya dawo.

Malama Najaha tana kan hanya aka binne mahaifinta. Jiya Laraba, da tawagar ƙungiya ƙarƙashin Alhaji Rabi'u ta je yi mata gaisuwa, ba ta yi mana gori ba, ko da kalma ɗaya, abin da ya fi mana zafi fiye da a ce ta yi. Abu guda ta roƙa: a tayar mata da motar ta ji kukanta kafin a rufe garajin. Mu bakwai ne, kowannenmu mai garajin kansa, wasu da furfura. Motar ta tashi, amma tana rawa, domin ashe marigayin ya kwance karbireta ɗaya ya wanke ya mayar, bai kai ga daidaita ta ba. Muka yi ta juyawa, wannan ya karɓa, wancan ya karɓa, kusan awa biyu, har muka ga a ganinmu ta yi daidai. Tana tsaye daga bakin ƙofa tana saurare. Sai ta ce, "Allah Ya saka muku da alheri, iyayena, kun yi ƙoƙari. Amma ba haka take kuka ba." Shugaba da kansa ya miƙa hannu ya kashe injin.

A madadin shugaban ƙungiya Alhaji Rabi'u Bashir, da mataimakansa, da dattawan sana'a, da ɗaukacin mambobi na Matameye da kewaye, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Najaha Sallau da maigidanta da 'ya'yanta, da dangin marigayin da suka rage a Tsauni, da maƙwabtansa na bakin hanyar Kance waɗanda suka sauke nauyin da ya kamata mu taya su ɗauka, musamman Malama Sa'a da Malam liman. Muna neman gafarar iyalinsa a bainar jama'a, tunda damar neman tasa ta wuce mu. Muna roƙon Allah Mai rahama Mai jinƙai Ya gafarta wa bawansa Alhaji Sallau, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya sanya jarrabawar da ya ɗauka cikin haƙuri ta zama kaffara a gare shi, Ya haɗa shi da Hajiya Baiwa a Aljannar Firdausi. Allah Ya ba 'yarsa da jikokinsa juriyar wannan babban rashi, Ya zame musu gata, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Bisa ga buƙatar magajiyarsa, motar da kayan aikin marigayin za su zauna a inda suke, kuma ƙungiya na gargaɗin dillalai da masu sayen tsohon ƙarfe da kada kowa ya tunkari gidan da maganar ciniki. Ranar Litinin, ranar addu'ar bakwai, duk garajojin mambobi za su kasance a rufe har azahar.

Ana zaman makoki a ƙofar gidan marigayin daga safe zuwa magariba. An shimfiɗa tabarmi shida, kuma har zuwa lokacin rubuta wannan takarda biyu ne kawai ake zama a kansu. Duk wanda wannan saƙo ya iske, ya sani ko bai san marigayin ba, muna roƙonsa don Allah ya je ya zauna.

Sa hannu:
Malam Yasin Idrisa
Kakakin Ƙungiyar Makanikai da Masu Gyaran Mota ta Matameye
Matameye, Jihar Damagaram, yau Alhamis