Baƙin da Baba Yake Nufi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci. Na san ko kina raye ba da kanki za ki karanta wannan ba, Hadiza za ki miƙa wa ki ce ta karanto miki shirmen Auta. Masu ganin wasiƙar nan a waya su yi haƙuri, da mahaifiyata nake magana.

Inna, ƙarya na yi wa Baba, kuma da fitila na yi ta. Ya shafe damina a kwance yana ganin masararsa ta bana ta yi kyau, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a jefa a gonar ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan.

Bari in ɗauko miki daga inda kika bar mu. Shekara guda bayan rasuwarki, ana gama girbi, Baba ya faɗi a bakin rumbu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Kalma biyu ta rage masa, "Allah" da "to", da su yake yin godiya, da su yake yin faɗa. Yaya Kabiru yana Legas. Hadiza tana gidan mijinta a Malumfashi, sai Juma'a take samun zuwa. Ni ne ba mata ba ɗa, ni ne kuma mai ƙarfin ɗaga shi. Na rufe teburina a shagon gyaran sola a Funtua na ce sati biyu zan yi in dawo. Maigidan shagon ya yi ta kira har ya gaji ya daina.

Tun daga ranar duniyata ta koma daga bakin gadonsa zuwa zaure, taku goma sha tara, na ƙirga. Ina jin mashina suna wucewa a titin Tsiga, har na fara gane na wane da na wane daga ƙararsu. Ba zan ɓoye miki ba, akwai ranakun da nake jin haushin kowa, har da shi, sannan in ji kunyar kaina.

Kin san ɗakin Baba, tagarsa katangar maƙwabta take kallo. Kin kuma san halinsa. Mutumin da ake zuwa tambaya ko lokacin shuka ya yi ba zai yarda a shimfiɗa shi a tsakar gida mutane suna yi masa sannu ba. Sau biyu na gwada fito da shi, ya riƙe ƙyauren da hannun hagu har na haƙura. Ƙwan solar da na sa masa kuma yana sokar masa ido, sai ya juya wa bango. Kiran salla yana ji, amma tsakanin salla da salla yinin ya zame masa dunƙule guda. Ya yi barci da hantsi, ya farka a firgice bai san ina rana ta kai ba.

Sai na tuna da tarkacena, waɗanda kike sharewa kina cewa, "Auta, wannan kayan naka ko akuya ba ta ci." A cikinsu akwai wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai fi kwalin ashana ba, wanda ake rubuta wa umarni a kwamfuta ya riƙe ya yi ta bi. Akwai kuma zaren ƙwayayen LED. Kowace ƙwaya fitilu uku ne ƙanana a cikinta, ja da kore da shuɗi, kowacce ana ba ta lamba daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar. Yadda kika cakuɗa lambobin nan uku, haka launin zai fito, kamar dai haɗin kunu, a ƙara tsamiya a rage gasara.

Abin dariyar, ƙwan bai san rabi ba, ko dai yana kunne ko yana kashe. Allon ne yake kunna shi yana kashewa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. In ya fi daɗewa a kunne, ido ya ga haske sosai. In ya fi daɗewa a kashe, ido ya ga dishi-dishi. Wato rage hasken ma wayo ake yi wa ido. Da farko na ɗauka in na ba shi rabin lamba zan samu rabin haske, ashe ido ba haka yake lissafi ba, rabin nan kusan cikakke yake gani. Kwana uku na yi ina gyara wannan kaɗai.

Na liƙa zaren a bayan wani katako, hasken yana bugun bangon da Baba yake fuskanta. Na haɗa wa allon agogo, na rubuta masa yini guda da sunayen da Baba yake kiran lokaci. Hantsi fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Walaha ta ƙara ƙarfi, rana tsaka ta cika. La'asar sakaliya ta koma ruwan goro, almuru ya sauko ja yana dushewa a hankali. Ranar da na fara kunnawa ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce "to". Irin "to" ɗin da yake yi miki in tuwo ya yi daidai.

Haka muka ci rani lafiya. Da ruwa ya sauka ne abin ya lalace. Gonarmu tana can bayan dutse, ɓangaren da mutane suka daina zuwa saboda 'yan bindiga. Babu ɗan ƙodagon da zai yarda ya je, ni kuma ba ni da wanda zan bar wa Baba yini guda, ballantana damina. Muka yi shawara da Yaya ta waya, muka bar ta. Babu wanda ya gaya wa Baba. Kowa yana jiran wani ya fara.

Wajen sati shida da saukar ruwa, sai ga kalma ta uku ta fito daga bakinsa. Ya dube ni ya ce "baƙi". Harshen a karye yake, ba a gane ko ya ja wasalin ko bai ja ba. Hadiza ta ce baƙi yake so, kaɗaici ya ishe shi. Juma'ar da ta biyo ta ciko a-daidaita-sahu da dangi daga Malumfashi, suka zazzauna suna yi masa ya jiki. Ya juya musu baya har suka tafi.

Ni kuma, ɗan boko, na ce ai launi yake nufi, tunda bangon yake kallo in zai faɗa. A wurinmu masu wannan aiki baƙi ba shi da wahala, sifili ne sau uku. Da walaha na rubuta, na tura wa allon, ɗakin ya yi ɗif. Inna, ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan sautin ba. Ya riƙa dukan katakon gadon da hannunsa mai lafiya har na mayar da hasken. Da na duba, hawaye ne yake bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Kuma don taurin kai, washegari da ya sake faɗa na sake gwadawa, wai ko sannu a hankali yake so a kashe.

Malam Haruna ne ya warware, abokin Baba tun suna samari, wanda gonarsa take jikin tamu. Ya shigo bayan la'asar, Baba ya kama masa riga ya ce "baƙi". Ko ɗar Malam Haruna bai yi ba, ya amsa kamar suna hira a bakin masallaci: "Ta yi, Malam. Ta yi baƙi ƙirin." Baba ya saki rigar, ya lumshe ido, ya ce "Allah".

A zaure Malam Haruna ya tsaya yana neman takalminsa, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce mini masara in ta sha taki ta ƙoshi, ganyenta ya yi duhu, manomi ba ya ce mata kore, cewa yake ta yi baƙi. Baba yana ƙirga kwanaki tun ruwan farko, ya san an yi noman fari, ya san an zuba taki, tambaya yake ko ta karɓa. Na girma a gidan nan, na ci tuwon gonar nan, na sha jin kalmar a bakinsa, amma da ta zo mini sai na kai ta kwamfuta. Malam Haruna ya ce bakinsa ne ya riga shi, in yafe masa. Shi ma tasa gonar bai shuka ba.

Da a nan na tsaya, da ƙaryar ta Malam Haruna ce. Amma na ga yadda Baba ya yi barci ranar, sai na buɗe kwamfuta. Na ce zan nuna masa baƙin da yake so.

Ya ba ni wahala fiye da duk sauran. In na rage koren, sai ya zama kore mara ƙarfi kawai, kamar fitilar da batirinta ya kusa mutuwa. Na ƙara shuɗi kaɗan, na ɗiga ja, duk bai yi ba. Daga baya na gane launi ba ya yin duhu sai yana kusa da abin da ya fi shi haske. Sai na raba zaren biyu, na sama na bar shi fari kamar sararin hantsi, na ƙasa na sauke shi ƙasa sosai. Na leƙa ta katanga na dubi 'yar masarar da maƙwabta suka shuka a bayan gida, na dawo na gyara lamba, na sake leƙawa. Da ya yi daidai, ni kaina sai da gabana ya faɗi.

Na sa shi ya riƙa fitowa kowace safiya, na ɗan lokaci, kafin walaha. Baba ya fara cin abinci sosai. Har ya koma yi mini faɗa da "to" in na makara da ruwan alwala.

Kin sha gaya mana ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni nawa na haƙa shi da manhaja, kowane sati sai na ƙara masa zurfi. Masara ba ta tsayawa wuri ɗaya, Baba kuma lissafinsa ba ya kuskure. Sai na riƙa bin ta maƙwabta, ta fitar da kai in ɗan haska saman, ta yi goyo in ɗiga ruwan ɗorawa. Malam Haruna ya rage zuwa, ya ce ba ya iya kallon idonsa. Hadiza ta ce in gaya masa gaskiya, na ce ta shiga ta gaya masa, ta ɗauki mayafinta. In na faɗa, ina tsoron abin da zai same shi, ga shi likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa. In na yi shiru, kaka tana tafe. Gaba kura, baya sayaki.

Satin da ya wuce, da koren ya fito, Baba ya juyo gare ni. Ya miƙo hannun hagu, ya yi kamar yana ɓare ɓawo da babban yatsa. Wannan kam ban nemi mai fassara ba. Goyon farko da ya nuna a gona, maigida ake gasa wa kafin kowa ya taɓa, kuma lokacin ya yi.

Juma'a da Hadiza ta zo na hau mashin zuwa Funtua. Na zagaya wurin mata masu gasa masara a bakin titi, ina ɗagawa ina ajiyewa har wata ta tambaye ni ko aure zan yi da ita. Duk irin kamfani ne, manyan ƙwayoyi a jere kamar haƙoran roba. Ta Baba irin gida ce, ƙanana, da jajaye jefi-jefi, wadda yake zaɓa da hannunsa kowace kaka. Damin irin na bara yana nan rataye a saman murhunki, hayaƙi ya rufe shi. Na zaɓi mafi ƙanƙanta a cikin na matan, na naɗe ta a ɓawonta na kawo.

Na durƙusa na sa masa a hannu da ɗuminta. Bai kai baki ba. Ya bi layin ƙwayoyin da babban yatsa, daga gindi har kai, ya juya ta ya sake bi. Ya dubi bangon, ya dube ni. Na kasa ɗaga kai, Inna. Ina jira ya jefar, ko ya doki gadon, da ya yi hakan da na samu sauƙi.

Sai ya mayar mini da ita cikin tafina, ya tattara yatsuna a kanta ɗaya bayan ɗaya, ya tura hannuna zuwa bakina. Ya ce "to". Na ci a gabansa, ina ci hawaye yana zuba, shi kuma yana shafa mini kai kamar ranar da na faɗi jarrabawa.

Bai sake cewa "baƙi" ba. Ni kuma ban goge layukan umarnin da na rubuta wa allon ba, na buɗe kwamfutar sau uku ina rufewa. Allon bai san an gane shi ba, kowace safiya yana fito da gonar a kan lokaci. Abin da ya fi ci mini rai, in ta fito Baba yana juyowa ya kalle ta har ta wuce, amma sai in ina ɗakin. Jiya na tsaya a bakin ƙofa bai san ina nan ba, koren ya cika bango, shi kuwa idonsa a rufe. Da ya ji motsina ya buɗe, ya gyara kai, ya kama kallo. Shi ba harshen faɗa, ni ba ƙarfin hali, yanzu don ni yake kallon gonar da na yi don shi.

Da kina nan da kin shiga kin faɗa masa tun ruwan farko, a tsaye, kina ɗaure ɗankwali, ya yi fushinsa na kwana biyu ya huce. Na yi kewarki, Inna. Ban san akwai nauyin da kike ɗauke mana da baki kawai ba sai yanzu.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Baba lafiya, ya yafe mini abin da na yi masa, ya kawo mana zaman lafiyar da za a koma bayan dutse. Ya ba ni bakin da zan shiga ɗakin nan gobe in ce masa, Baba, ba mu shuka ba.

Wassalam.

Ɗanki,
Auta,
daga zauren gida, Tsiga.