Kano Aka Ce, Na Sa Kaduna

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Na iso Yelwa da la'asar, ana yayyafi. Tun daga tasha ake kirana Kyaftin Hasiya. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, maƙwabta suna ta shigowa ganin "mai tuƙa jirgin sama". Na ce musu hutu aka ba mu.

Ba hutu ba ne. Na faɗi jarrabawar simuleta, na'urar da ke kwaikwayon jirgin sama a ƙasa. Ran 12 ga wata zan sake, in na ƙara faɗuwa kamfanin da ke horar da mu ya sallame ni.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko ya daina yi mini yawo a ka.

Kafin jirgi ya tashi, sai an gaya wa kwamfutarsa inda yake da inda za shi. Kowane filin jirgi yana da haruffa huɗu. Ka buga su, ka danna maɓallin hagu, filin tashi ke nan. Na dama kuma filin sauka. Aikin da bai kai minti ɗaya ba, na yi shi ya fi sau ɗari.

Daga Abuja zuwa Kano aka ba mu. DNAA, daidai. Kano DNKN ce. Na buga DNKA, Kaduna. Yakubu, abokin tuƙina, ya ce "na duba", alhali idonsa na kan takardar mai. Kyaftin Andrew, mai jarraba mu, yana zaune bayanmu, bai ce komai ba sai da muka yi sama. Sannan a hankali ya ce, "Hasiya, ina za ki kai mutanen nan?" Na dubi allo, nisan da ya rage rabin abin da ya kamata ne.

Da ma faɗa ya yi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na yi ta gwadawa a laftof tun safe. Sakkwato, Legas, Birnin Kebbi. Duk daidai. Amma in na zo Kano sai yatsana ya tsaya a harafin ƙarshe.

Asabar, 6 ga Satumba

Yakubu ya kira. Wai in an tambaya mu ce maɓallin ne ya maƙale. Na ce maɓalli lafiyarsa lau. Sai ya ce shi ma mahaifinsa bai san mun faɗi ba tukuna.

Inna ta tarar da ni zaune gaban laftof ban taɓa komai ba. "Ɗiyata, mi ke damunki?" Na ce ciwon kai. Ta kawo man zafi ta shafa mini a goshi, ni kuwa na bar ta ta shafa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na bi Baba bakin ruwa. Ruwa ya cika, ya cinye inda mata ke shanya kifi. Yana gyaran injin jirgin ruwan da yake kai mutane kasuwar Wara, ina miƙa masa sifana. Ban shirya ba, sai kawai na ji ina faɗa masa komai. Bai ɗago ba har na gama.

Sai ya ce, "Mutum nawa irin wanga jirgin sama naku ke ɗauka?"

Na ce ɗari da hamsin da wani abu.

Ya goge hannu da tsumma. "To da ni ne malamin naku, ni ma kayar da ke zan yi."

Na ji kamar in nutse a wurin. Na zata zai ce ƙaddara ce.

Can ya ce, "Ba rashin sani ba ne, tunda kin sani. Gaggawar mi kike yi?"

Na ce babu. Ya dube ni, ya koma kan injinsa.

Akwai. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, ni kaɗai ce mace. Tun makon farko na sa wa raina in riga kowa gama shirya kwamfuta, don kada wani ya ce ana jirana. Har agogo nake dubawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, nan ma da ƙyar na rubuta.

Talata, 9 ga Satumba

Baba bai gaya wa Inna ba. Ni na gaya mata da kaina, tana tsince shinkafa. Ta ce, "To ai Kaduna ma gari ce." Na yi dariya har da hawaye, ita kuma ta ji haushi.

Gobe tafiya Legas, can za a sake jarrabawar.

Alhamis, 11 ga Satumba

Legas. Ban iya karanta komai ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

An yi. Legas zuwa Kano aka ba mu, na san da gangan Kyaftin Andrew ya zaɓi Kano. Na buga harafi ɗaya-ɗaya ina faɗa da baki. Yakubu ya ce ya duba. Na ce a'a, ya ɗora yatsa a kan allon ya karanta mini. Ya karanta. Na gwada nisan da ke kan allo da na takarda, sannan na danna tabbatarwa. Sauran abubuwan ma haka na bi su.

Mun sauka Kano da inji ɗaya, don ya kashe mana ɗayan a hanya. Wannan bai ba ni tsoro ba kamar haruffan.

Da muka fito yana cike takarda, ya ce mun ci. Ya ƙara da cewa na yi minti shida fiye da kowa a ajin wajen shirya kwamfuta.

Na ce, "E, Kyaftin."

Sai da na shiga mota na lura ban ba shi haƙuri kan jinkirin ba. Ƙila gajiya ce.