Jan Fenti a Bangon Gidanmu

Anti Celina, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe biro, a ajin manya na zumuntar mata a cocinmu. Wani lokaci ina ganin da ban koya ba, da ban jawo mana wannan abin ba.

Muna zaune a tsofaffin gidajen lokos, masu sauƙin kuɗin nan, ta wajen Kamazou. Maigidana Ezekiel ya samu gidan tun yana aiki a masaƙa, aka yi ta cirewa a albashinsa har ya zama nasa. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Muka kai shi ƙauye muka binne, na dawo da 'yata Irene. Ita kaɗai Allah ya bar mini cikin uku, kuma tana da sikila. Gidan kuwa ya gaji. Kwano yana yoyo, silin ɗakinta ya rufto bara, sokawen ban-ɗaki ta cika. Da damina sai in jawo katifarta falo, don sanyi ne ke tayar mata da ciwon.

A watan Mayu aka sanar a coci cewa gwamnati ta ware kuɗi saboda unguwarmu. Za a gyara gidaje. Wanda kuma yake so ya sayar da nasa, gwamnati za ta saya ta sa marasa muhalli. Ranar har rawa na taka. Da ma'aikata suka kawo fom, maƙwabciyata ta ce in kawo ta cike mini, na ƙi. Duk rayuwata dangwala yatsa nake yi a takardar gwamnati. Na sa tabarau, na zauna a hankali.

Akwai layin da aka ce a rubuta sunan mai iko da gidan. Anti, a wurinmu idan namiji ya mutu, wansa ne uban gida. Mace ba ta miƙewa ta ce ita ce, ko da ita ke sayen gishiri. Sai na rubuta sunan Baba Shekari, wan mijina, da lambar wayarsa. Ban yi wani tunani ba. Murna ma nake yi don ban kuskure harafi ko ɗaya ba.

Shi suka kira. Ya taso daga ƙauye ya wuce ofishinsu bai biyo ta gida ba, ya zaɓi sayarwa. Ban sani ba sai da aka zo da fenti. Gidan da za a gyara a shafa masa shuɗi, wanda za a saya a shafa ja. Duk layinmu shuɗi ne, namu ne kawai ja.

Daga baya ya zo. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce cittarsa ta ruɓe a gona shekara biyu a jere, gidan gado yana zubewa, ciyawa ta rufe kabarin ƙaninsa, kuma zai gina mana ɗaki biyu a can. Ba mugu ba ne. Shi ya ɗauki nauyin jana'iza, kuma kowace kaka yana aiko mana masara. Amma daga ƙauyen zuwa asibitin da ke ƙarin jini sai an yi tafiya mai nisa a kan babur, kuma a wannan hanyar yayan Irene ya cika a hannuna. A nan Keke Napep ɗaya ne zai kai mu.

An ce mai ƙorafi ya kai kafin ƙarshen wata. Matan zumunta sun rabu biyu a kaina, wasu sun ce in je, wasu sun ce matar da ta kai ƙarar dangin miji ta rufe wa 'yarta ƙofa, har ranar aurenta ba mai tsaya mata. Irene tana zaton wan babanta ne ya yi mana zamba, ta daina ɗaukar wayarsa. Ban gaya mata cewa rubutuna ne ba. Kullum in na fito shara sai in ga jan fentin nan. Me zan yi?

Uwa mai jan fenti a bango, Kaduna

'Yar'uwata, na karanta wasiƙarki sau biyu. Rubutunki ba shi da laifi, ki daina ba da haƙuri a kansa.

Ki fara da Irene, yau ɗin nan. Ki gaya mata ke kika rubuta sunan, ki gaya mata dalili. Za ta ji zafi, amma tana fushi da mutum a kan abin da bai yi ba, kuma kina bukatarta a gefenki.

Fom ɗin ƙidayar gidaje ba takardar mallaka ba ne. Ki tattaro takardar da aka ba Ezekiel gidan, da shaidar ya gama biya, da takardar aurenku, da ta rasuwarsa. Ki yi hoton kowace, ki ɓoye na asali a wurin wanda kika yarda da shi. Ki rubuta ƙorafi gajere: mai gidan ya rasu, ya bar mata da 'ya, ba su yarda a sayar ba. Ki kai da ƙafarki cikin makon nan, kada ki jira ƙarshen wata, kuma kada ki fito sai an buga hatimi a kwafinki. Daga nan ki nemi lauyoyin da ke taimaka wa gwauraye kyauta, su nuna miki yadda ake neman takardar kula da gado a kotu. Kafin nan, kada ki sa hannu a komai, kada ki fitar da ko kujera daga gidan.

Shi kuma Baba Shekari, kada ya ji labari a bakin ma'aikata. Ki je da fasto ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ya yi kuskure babba da ya yanke hukunci bai tambaye ki ba. Amma ke kika miƙa masa girman, shi kuma ya ɗauka da gaske, ga talauci ya matsa masa. Ki gode masa a kan masara da jana'iza. Kada ki yi jayayya a kan al'ada, ba za ki ci ba. Ki tuna masa hanyar asibitin nan da wanda aka rasa a kanta. Shi ma jininsa ne.

Ba zan ɓoye miki ba. Ƙorafi yana iya jan lokaci, gyaran bana ya wuce ku, ku sake yin wata damina da bokiti a tsakar ɗaki. Masarar ma tana iya tsayawa, wasu dangi su juya miki baya na shekaru. Duk wannan ana iya jurewa. Nisa da asibiti ne Irene ba za ta iya jurewa ba, don haka gidan nan bai kamata ya fita daga hannunki ba.

Ki sake sa tabaran nan ki zauna. Wannan karon, a layin mai iko da gida, sunanki za ki rubuta. Allah ya ba Irene lafiya, ya sassauta zuciyar wan babanta, ya tsaya miki a ofishin nan.

Anti Celina