Hoton Kwamfutar Marigayi Ɗana Ya Juya, Ana Son a Goge Ta

Malama Hanifa, don Allah ki taimake ni. Ni tsoho ne a Argungu, ban yi boko ba. Maƙwabcina Maliki ke rubuta abin da nike faɗi, kuma na ce mai kada ya gyara mini magana.

Ɗana Abdussamadu ya rasu da damanar bara, ya bar mini kwamfutarshi. Cikinta akwai bidiyo guda da ya ɗauki kanshi da waya a fadamar shinkafarmu, yana mini tsiya wai lauje ya fi ƙarfina. Bidiyon tsaye yake, siriri, fuskar ba ta kai tafin hannu ba, ga idona ya yi rauni. Da yana raye yakan juya hoton, ya kafa kwamfutar bisa gefenta kamar allon karatu, sai fuskar ta cika gilashin. Na ce abin da yaron da na haifa ya yi, ni ma ina iyawa. Na latsa inda nike ganin yana latsawa. Hoton ya juya kuwa, amma in na ja yatsa sama, sai 'yar kibiyar da ke yawo bisa gilashin ta yi gefe. Kwana goma sha biyu ke nan ban ji muryarshi ba.

Wanshi Tamba ya kai kwamfutar Birnin Kebbi ba da izinina ba. Mai gyara ya ce wata manhaja wai ita Linux ce a ciki, bai san ta ba, sai dai a goge komi a sa wata. Tamba har ya yarda, shi da bai taɓa zama ya kalli bidiyon ba. Na karɓe abina, ban ƙara yi ma Tamba magana ba. Mi zan yi?

Mahaifin Abdussamadu, Argungu

Baba, Allah ya jiƙan Abdussamadu. Bidiyon yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Hoton allo kawai ka juya. Ka yi daidai da ka hana a goge, kuma kada ka yarda, ko wa ya ce.

A kafa kwamfutar a gefenta har rubutu ya miƙe, a jona mata linzami, wato maus, a ajiye shi a kan tebur. Kibiya za ta bi hannu daidai, domin linzamin bai kwanta tare da kwamfutar ba. Kafin komai a kwafe bidiyon a filashi biyu, wato 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Bayan haka, in ka so a mayar da hoton ta saitin allo, in ka so ka bar shi a juye, tunda haka ka fi ganin fuskar. Idan ya gagara, a nemi ɗalibin kwamfuta da ya san Linux.

Tamba ya yi laifi da ya ɗauka ba izini, amma gyara ya je nema maka. Kuma ba kowa ke iya duban fuskar ƙaninsa da ya rasu ba. Ka kira shi ya sayo linzamin. Ka ba shi filashi ɗaya, kada ka tambaye shi ko ya kalla.

Allah ya ba ku haƙuri, kai da shi.