Ɗaya Ko Ƙaya, Inna?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Masu bin shafin nan ne za su karanta, su da suka saba zuwa neman shawara kan gina shafin intanet. Yau sai su yi haƙuri, da ke nake.

Inna, na yi ɓarna, kuma a sana'ata na yi ta.

Kin tuna Rabi, autarki, tana zama kusa da ke bayan la'asar da waya a hannu? Ni na buɗe mata ƙofa a shafina, na ce duk abin da kika faɗa ta rubuta ta ajiye mini. Yadda ake dafa kalwa a yi daddawa. Sunayen gonakinmu na hanyar Minjibir da wanda ya fara noma kowace. Kina cewa, "Wai har zancen daddawa mutumin can zai kai wa Turawa?" Amma kina faɗa, tana rubutawa.

Ni na matsa wa Rabi kan haruffa masu ƙugiya. Na ce ƙ ba k ba ce, ɗ ba d ba ce. In ta yi kuskure har faɗa nake mata, kamar wani malamin makaranta.

Ni ne ɗanki na fari, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Mutumin can, ko yayan Rabi. Ko ranar da zan taho ƙasar nan, gyaɗa kika ƙulle a leda kika miƙa wa Rabi ta ba ni, kika juya kina gyara murhu. Ban riƙe ki ba, haka aka raine ki. Sai dai na yi shekara arba'in ina jiran kalma guda.

Wayarmu ta ƙarshe ba ta yi daɗi ba. Kika ce in zo kafin a yanke gero. Na ce aiki, na ce takardu. Gaskiya ne, amma da zafi na faɗa. Ba a kai ga yankan geron ba kika tafi, aka binne ki ina gaban kwamfuta a garin da ko kiran salla ba a ji.

Bayan kwana uku na ga Rabi ta bar wani rubutu da ba a wallafa ba, ta sa masa suna Saƙon Inna ga Yaya. Wata takwas ina ganinsa ina wucewa. Tsoro nake ji.

Sai watan jiya na kwashe shafin zuwa wani masauki, wato wani kamfanin ajiye shafuka, saboda Rabi ta ce ba ya buɗuwa da sabis ɗin ƙauye. Wajen zuba rubuce-rubucen a sabon rumbu akwai inda ake zaɓar tsarin haruffa. Na bar shi yadda na same shi, tsarin da bai san ƙugiya ba. Na duba shafin farko, hotuna sun fito, na goge tsohon rumbun. Ni da na rubuta darasi guda kan kada a goge tsoho sai an tantance sabo.

Ke ko a shekarar da hatsi ya ƙare mana tun kafin damina, ba ki taɓa damin irin da ke rataye a ɗakinki ba. Muna kuka, kika ce, "Wannan ba namu ba ne, na gona ne." Ba ki san boko ba, amma kin fi ni sanin ajiya.

Duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Na rubuta wa kamfanin da na baro, suka amsa cikin ladabi cewa abin da mai shi ya goge ya tafi. Na so in zage su. Ba su da laifi.

Yawancin kalmomin na gyara da hannu. In na ga ?asa na san ƙasa ce, ?orawa kuma ɗorawa. A haka na iso saƙonki, na buɗe. Layi ɗaya ne:

"Ki ce wa mutumin can, shi ?aya ne a raina."

Inna, ɗaya kika ce ko ƙaya?

Na kira Rabi. Ta ce ɗaya ne mana, Yaya. Amma kin san Rabi, ko tuwo ya ƙone cewa take ya yi daɗi. Da na matsa sai ta fashe da kuka, ta ce ranar da kika ba ta saƙon muryarki ta shige, ita ma ba ta tuna wanda ta danna ba.

Shekara goma sha biyu ina gyara shafukan mutane. Babu umarnin da zan rubuta wa na'ura ta dawo mini da harafin nan. Na gwada sa ɗ, na ji kamar na yi miki ƙarya don in ji daɗi. Na sa ƙ, na kasa kallon allon.

In ƙaya kika ce, kin yi gaskiya, na soke ki. In ɗaya kika ce, ban cancanta ba, kuma na makara da wata takwas. Wani lokaci ina ganin ke da ba ki iya kiran sunana ba, da gangan ma za ki iya faɗar ta yadda ba za a bambance ba.

Na bar alamar tambayar a wurinta. Ba zan sa miki magana a baki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini zafin muryata. Ya haɗa mu a inda zan tambaye ki da bakina, ko da za ki juya ki ba Rabi amsar ta miƙo mini.

Naki,
Mutumin can.