Shuɗin Harshenka da Kofin Umma

Zuwa ga Injiniyana, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon fari, tauraron da nake dubawa in san hanyar gida, wanda tun ranar Asabar ba na iya tuna bakinsa ba tare da zuciyata ta tashi ba.

Gaisuwa mai yawa, amma daga nesa. Ka yi haƙuri da nisan, dole ce ta kawo shi. Na ga kiranka a waya, na ga inuwarka tana kai-komo a ƙofar shagona kamar kazar da ta rasa wurin yin ƙwai. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da naka, ina jin tarinka, ina jin kukan tsohuwar fankarka, amma na zaɓi in turo maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa. In na tsaya a gabanka idona zai sauka a kan leɓenka, kuma wallahi cikina bai gama hucewa ba.

Kaico, masoyina! Wace irin ƙaddara ce ta haɗa ni, ni da ba na shan ruwa a kofin da wani ya sha, da mutumin da komai na duniya sai ya bi ta bakinsa?

Laifina ne, domin tun ranar farko na gani. Ka tuna ranar da wayata ta faɗa cikin bokitin da nake wanke duwatsun zane? Na shigo shagonka a guje, ruwa na ɗiga daga hannuna. Ka ɗago kai, ƙananan noti uku a tsakanin leɓɓanka, ka yi mini sannu ta gefen baki, ko ɗaya bai faɗi ba. Ka ciro batirin, ka ɗora shi a kan harshenka, ka lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ka ce, “Kwantar da hankalinki, Mai Zane, da sauran rai.” Na yi dariya har na dafa teburinka. Dariya fa! Wata mai hankali da ta karɓi wayarta da tsumma ta gudu. Ni kuwa na koma shagona ina murmushi, na zana furanni a kan kaskon shuka guda bakwai, duk suka fito a karkace. An ce so hana ganin laifi, ashe har ƙazanta yana hana gani.

Ka tuna kuma yammacin da aka ɗauke ruwan sama, muka zauna a bencin bayan shago, ka ce in koya maka aikina? Na buɗe maka akwatin alƙalumana na fentin akirilik, guda ashirin da huɗu, jere kamar bakan gizo, waɗanda ko ƙawata ba na bari ta taɓa. Na riƙe hannunka, na gaya maka komai dalla-dalla. Na ce ka girgiza alƙalamin da murfinsa a rufe har ka ji ɗan ƙwallon da ke ciki yana ƙaras-ƙaras. Ka danna tsininsa a kan tsohuwar takarda, a hankali, har fentin ya sauko da kansa. Na ce katako da kaskon ƙasa da yadi suna shan fenti, abin da ka rubuta musu ya zauna ke nan. Amma gilashi da tangaran masu girman kai ne, ba sa karɓa, sai an goge su da sifirit an cire maiƙon hannu, a bar zanen ya kwana ya bushe, sannan a gasa a obin. Na ce maka ko an gasa, ba a zane a inda leɓe ke taɓawa, ba a zane a inda abinci ke zama. Na maimaita har sau biyu. Na ce in ka gama ka rufe murfin, domin iska ce ajalin alƙalamin fenti.

Ka ce ka ji. Ashe idona kake kallo, kunnenka yana shagonka. Ranar ka zana mini tsuntsu a kan dutse, ya fito kamar dutsen guga mai fuka-fuki, na ajiye shi kusa da matashina.

Ya hasken raina, ka san wace ce Umma, na sha ba ka labarinta. Shekara talatin tana aikin jinya. Mace ce mai buɗe ƙofa da gwiwar hannu, mai tafasa cokali kafin ta ba baƙo, ta sake tafasa shi bayan ya tafi. Ranar da na fara ambata mata sana'arka, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Mai gyaran waya? Wayar da mutane ke shiga banɗaki da ita?” Wata takwas ina lallashinta, ina yabon hankalinka, ina yabon haƙurinka, ina ɓoye zancen batir. Tun rasuwar Baba ita ce uwa ita ce uba, in ta ce a'a magana ta ƙare, kai ma ka sani. Da ƙyar ta ce za ta zo shagona ranar Asabar ta gan ka da idonta. Abu ɗaya na roƙe ka: ka yanke farce, ka zo, ka zauna, ka yi shiru.

Sai ka ce kai za ka kawo shayi. Na ji daɗi, ni sakarai!

Ban san ka ɗauki fararen kofuna uku daga kantata ba. Da ka ari akwatin alƙalumana ranar Laraba ka ce alama za ka sa wa wayoyin mutane, ban kawo komai a raina ba. Ina zan san za ka zube su a buɗe, a gaban fanka, kusa da ƙarfen narka dalma, kwana uku cur? Ina zan san da safiyar Asabar ɗin, da hannunka mai maiƙo, za ka zauna ka yi wa Umma rubutu a cikin kofi? A ciki, Injiniya! A gindin kofi, inda shayi ke kwanciya! Wai don in ta shanye ta ga “Barka da zuwa Umma” da jan fenti, kewaye da shuɗayen furanni, ta ji sanyi a ranta.

Ka shigo da tire, kofunan cike da shayi mai madara, ba abin da ake gani. Ka durƙusa ka gaishe ta, muryarka ƙasa-ƙasa, rigarka a goge. Na ga ta duba farcenka, na ga ta gyaɗa kai kaɗan, na ce a raina yau Allah ya karɓi addu'ata. Ta kurɓa sau ɗaya. Ta kurɓa na biyu. A na uku ne na ga wani jan abu ya taso saman shayin, yana juyawa a hankali, wani shuɗi na bin sa a baya. Umma ta tsaya cak. Ta sa yatsu biyu a leɓenta, ta jawo wani dogon jan zare mai yauƙi, yana miƙewa, yana miƙewa, kamar fatar da ke saɓulewa bayan ƙuna. Ta ɗaga shi sama wajen hasken taga. Harafin farko na sunanta ne ke reto a hannunta.

Tir! Ko yanzu da nake rubuta maka sai da na ajiye biro na fita na shaƙi iska.

Da a nan abin ya tsaya, da na rantse mata kuskure ne irin na mai son burgewa. Amma baki shi ke yanka wuya. Ta tambaye ka mene ne wannan, kai kuwa ka washe baki don alfahari, ka soma bayani. Sai ga harshenka. Shuɗi a tsakiya, ja a gefe, wani kore-kore a can ciki, haƙoranka na ƙasa kamar ka tauna tawada. Ka ce mata, da wannan bakin, “Ai bushewa suka yi, Umma, suka ƙi rubutu. Sai na ɗan tsotsa su ɗaya bayan ɗaya, nan take suka kawo.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ka tsotsa! Alƙaluman da nake zana wa mutane kofuna da tukwanen fure da takalman kambas da su! Harshen da ya lashi batirin rabin unguwa, shi ne ya jiƙa fentin da mahaifiyata ta kurɓa! Wane ɗan Adam ne yake ganin abu ya bushe, ga famfo a bayan shago, ga ni a bayan bango, amma tunaninsa na farko ya zama miyau?

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe jan zaren a cikin takarda kamar abin da za a kai gwaji, ta ce maka, “Ɗan nan, tashi ka je ka wanke bakinka.” Ka fita sum-sum. Iyakar abin da ka sani ke nan. Sauran shi ne ya sa na ɗauki biro.

Da ka fita ta miƙe, ta rataya jakarta, ta ce in rufe shago mu tafi. Ta ce, “Na gani, ya isa. Ba na ce mugu ba ne. Amma ni na haife ki, na san ƙyanƙyaminki. Ke da kike barin abinci don ƙuda ya gifta, da wannan za ki haɗa kwano? Ko wata guda ba za ki yi ba. Gara ki yi kukan yau da ki yi na shekara.”

Na so in kare ka, amma duk abin da ta ce gaskiya ne. Na dubi ƙofar da ka bi. Na tuna yadda kake tura mini inuwar rumfarka in rana ta juyo, yadda ka kwana biyu a kan wayar tsohuwar nan mai sayar da tsintsiya don kawai hotunan ɗanta marigayi su dawo. Na dubi kofin Umma a kan tire, ya fara hucewa, haruffa na iyo a sama, wani fure ya naɗe a jikin cokali.

Na ɗauka na shanye.

Duka, Injiniya. Har gindi. Na ji ɗanɗanon roba, na ji abu mai santsi yana bin maƙogwarona, wani ɓallin ya manne a dasashina sai da na sa harshe na ture shi. Hawaye na zuba, ban sauke kofin ba sai da na ga farin gindinsa, da ƙaramin harafi ɗaya da ya ƙi saki. Na dire shi a gaban Umma. 

Ban kai minti biyu ba na ruga bayan shago. A bakin kwata, kusa da bencin da na koya maka zane, na mayar da shayinka da furanninka da abincina na safe. Umma ta biyo ni, ta dafe mini goshi kamar yadda take yi wa marasa lafiya, tana zuba mini ruwa a hannu. Can ta ce, “Shekara talatin ina ganin cututtuka, wannan taki ba ta da allura.” Ta goge mini baki da gefen mayafinta, ita da ba ta taɓa abin da wani ya taɓa. Sannan ta ce, “Ki ce masa Asabar mai zuwa. Zan zo da kofina, zan kuma zo da tocilata. Harshensa zan fara dubawa kafin in amsa gaisuwarsa.”

To ka ji, ya abin ƙaunata, abin ƙyamata. Kwana biyar gare ka.

Alƙaluman nan da ka ajiye mini a ƙofar shago, na zubar da ashirin da uku, na ɗauke su da leda a hannu kamar mai kwashe mushen ɓera. Da nake zubarwa ne na ga sawun haƙori a murafansu, har da waɗanda ba ka yi amfani da su ranar Asabar ba, na tuna ni ma nakan riƙe murfi da haƙori in hannuna ya cika. Tun yaushe kake aron su? Kada ka gaya mini. Ba na son sani, na riga na ƙarar da man goge baki guda. Shuɗin kaɗai na kasa jefarwa. Na naɗe shi a leda uku na tura ƙarshen aljihun tebur. In na tuna yana nan sai tsigar jikina ta tashi, in na yi niyyar fitar da shi sai hannuna ya ƙi.

Ina roƙonka, don girman Allah, don darajar wannan cikin nawa da ya wahala: ka nemi ɗan faranti ka riƙa zuba noti a ciki. Ka sayi na'urar gwada batir, ai don haka aka ƙera ta. Ka sa bakinka ya yi aikin da aka halicce shi dominsa, ya ci abinci, ya yi salati, ya kira sunana. Za ka ce hali zanen dutse ne. Ni ce mai zanen dutse a layin nan, kuma na san yana fita in an sami mai haƙurin gurzawa. Ka gurza. In alƙalami ya bushe maka, ka ƙwanƙwasa bango, zan zo.

Ni dai na riga na zama kaskon ƙasa a hannunka, abin da ka rubuta mini ya shige, ba sifirit ɗin da zai goge shi. Ina son ka kamar yadda shuka ke son ruwa, ina ƙyamar abin da ka yi kamar yadda ido ke ƙyamar tsakuwa, kuma duka biyun a ciki ɗaya suke zaune. Ba zan bar ka ba, ko rana za ta fito daga yamma. Amma ranar Asabar, in Umma ta kunna tocilarta ta ce ka buɗe, ka tuna ni ce a tsaye a bayanta, ba kofin da zan iya ɗauka kuma.

Taka, yau da gobe da ranar da gashinmu zai yi fari ba da fenti ba,

Mai Zanenka, wadda ta shanye sau ɗaya saboda kai, kuma cikinta ba zai ɗauki na biyu ba.